Tambaya da Amsa: Mantuwar tsofaffi da rawar hannu, me masu bincike suka gano a ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na lafiya. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, iyayenmu da ƙwaƙwalwarsu ke lalacewa a hankali, masu mantuwa da masu rawar hannu, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum ba mu sa sunan kowa, unguwa ko gari kawai.

Tambaya daga wata baiwar Allah, Mabera:
Likita ina wuni. Uwar mijina ta, muna ce mata Inna, ta haura shekara 70. Yau shekara biyu ke nan da ta fara mantuwa, ta ci tuwo yanzu ta ce ba a ba ta ba, ta yi la'asar sau uku, ta aje kuɗi ta manta ta ce ni na ɗauka. Ran nan ta hita gida sai wajen Tsohuwar Kasuwa anka gane ta, ba ta san hanyar komawa ba. Amma labarin aurenta da na zamanin Sardauna duk tana ba da shi daidai. Wasu sun ce iskoki na, wasu sun ce sammu anka yi mata, mun yi ruƙiyya mun yi hayaƙi abin sai gaba yake. Don Allah mi na na wanga ciwo?

Amsa:
Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba Inna sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Zargin satan nan kar ki riƙe shi a rai don Allah, yana cikin alamomin ciwon, ta ajiye abu ta manta inda ta sa, ƙwaƙwalwar sai ta nemo dalili, kuma wanda ya fi yi mata hidima shi zargin ke faɗa wa.

Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da cutar mantuwa, wadda a gida muke ce wa ruɗin tsufa ko gigin tsufa, tabbatarwa dai sai likita ya gan ta ido da ido. Tsufa kaɗai ba ya sa mutum ya ɓata a garin da ya yi shekara 50 a ciki, ga tsofaffi nan 'yan 90 da suke kawo hizifi da ka babu tuntuɓe. Ciwo ne a cikin naman ƙwaƙwalwa, kuma ana ganin sa da ido idan aka sa a madubin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da ake kira Alzaima ne.

Sunan ya samo asali daga wani likitan Jamus, Alois Alzheimer. A 1901 aka kawo masa wata mata 'yar shekara 51 a asibitin Farankfot, tana mantuwa tana zargin mijinta, da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta ya ga abu biyu da bai kamata su kasance a wurin ba, wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zare-zare da suka harɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Ya ga abin, amma sai da aka yi kusan shekara 80 kafin a gano da me aka yi su. A 1984 George Glenner a Amurka ya ware sinadarin da ke dunƙulewa, wani guntun furotin ne da ake kira amiloyid, a 1986 kuma aka tabbatar zaren nan wani furotin ne mai suna tawu.

To bari in yi miki bayanin yadda abin ke aiki. Ƙwaƙwalwar ɗan adam tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace tana aika saƙo ga dubbai. Duk aikin da ake yi a cikin ƙwaya furotin ne ke yin sa, kuma kowane furotin sai ya naɗe da wata siffa tasa kafin ya yi aiki. Amiloyid kowa jikinsa na yin sa, ni da ke duka, ana yi ana sharewa. Idan yin ya fi sharewar yawa sai ya fara mannewa da juna yana taruwa, kuma wannan taruwar tana farawa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga mantuwa ta farko, wato lokacin da Inna take da ƙarfinta tana aikace-aikacenta abin ya riga ya soma. Shi kuma tawu aikinsa riƙe 'yan siraran hanyoyin da abinci da saƙo ke bi a cikin ƙwayar, idan ya lalace sai ya saki hanyar ya harɗe da 'yan uwansa, ƙwayar ta yi ta rauni har ta mutu. Abin da ya fi tayar da hankali, furotin ɗaya da ya naɗe ba daidai ba yana iya sa na kusa da shi ma ya karkace, kamar albasa ɗaya da ta ruɓe a cikin buhu, haka abin ke bin ƙwaƙwalwa daga sashe zuwa sashe. Stanley Prusiner ne ya fara nuna cewa furotin na iya yin haka, a wata cutar daban, aka yi ta musanta shi, daga baya a 1997 aka ba shi kyautar Nobel.

Dalilin da ya sa take tuna zamanin Sardauna ta manta tuwon ɗazu, sashen da ciwon ke fara ci shi ne mai ɗaukar sabon abu ya adana, yana can ciki ta wajen saitin kunne. Tsohon labari an daɗe da ajiye shi a wasu wuraren, sai daga baya ciwon ke isa can.

Yanzu abin yi. Ku kai ta asibiti, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kar kunyar sunan Kware ta hana ku. Ina matsa muku ne saboda akwai abubuwan da ke kwaikwayon wannan ciwo kuma ana warkar da su, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa mai tsanani, jini da ya kwanta a kai bayan faɗuwa, har wasu magungunan barci da na mura. Sannan idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman a zafin Afrilun nan namu na Sakkwato, a fara tunanin ƙishirwa ko ciwon mafitsara ko zazzaɓi, wannan na gaggawa ne. A auna mata hawan jini da suga, don a wajenmu da yawa mantuwar daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini take, ko ita da Alzaima a haɗe. Addu'a da ruƙiyya ku ci gaba, babu mai hana ku, amma hayaƙi a rufaffen ɗaki ga tsohuwa ku daina, kuma duk wanda ya ce sai an dake ta aljani zai fita ku sallame shi tun daga zaure.

Tambaya daga wani ɗalibi, Jami'ar Danfodiyo:
Malam ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar sinadaran jiki. Na ji labarin wani ɗan arewa, Dakta Mahmoud Bukar Maina, wai yana bincike a kan wannan cuta. Mene ne takamaimai yake bincika? Kuma mu da ko wutar ɗakin gwaji ba ta tsaya mana, anya akwai abin da za mu iya ƙarawa a kan abin da Turawa suka yi?

Amsa:
Ɗana na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Dakta Maina ɗan jihar Yobe ne, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex da ke Ingila, kuma aikinsa a kan furotin ɗin nan tawu ne da na ambata a sama. Shekara da shekaru hankalin masu bincike yana kan tawu a matsayin mai riƙe hanyoyin cikin ƙwaya kawai. Shi da abokan aikinsa suka bi shi har cikin tsakiyar ƙwayar inda DNA, wato kundin bayanan gado, take, a wani ɗan lungu da ake haɗa injinan da ke ƙera furotin, a aikin da suka fitar a 2018 sun nuna tawu yana zaune a wurin, yana da hannu a yadda ake buɗe ko rufe karanta wancan sashe na DNA, kuma idan ƙwayar ta shiga matsi yana sauya wuri. Kai da kake karanta fannin ka san nauyin wannan magana. Idan tawu yana da aiki a wurin da ake haɗa injinan furotin, to lalacewarsa na iya taɓa ƙwayar tun daga tushe, tun kafin a ga harɗaɗɗen zaren da Alzheimer ya gani, kuma duk wanda zai haɗa maganin rage tawu dole ya yi lissafin wannan aikin nasa na alheri kar a je gyara a yi ɓarna.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a Ingila ba. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horarwa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda ake kira BioRTC, shi ne ya jagoranci kafa ta, da na'urori na gaske, kuma cikin abin da suka sa gaba akwai samar da ƙwayoyin gwaji daga jikin mutanenmu. Dabarar ta Shinya Yamanaka ce na Jafan, wanda a 2006 ya nuna ana iya ɗaukar ƙwayar jiki da ta riga ta girma a mayar da ita kamar ta ɗan tayi, daga nan a juya ta ta zama irin ƙwayar da ake so, ya samu Nobel a 2012. Wato daga ɗan jini ko ɗan ƙyallen fata na mutum sai a raini ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa a faranti, masu ɗauke da gadonsa kaf, a kalli yadda suke ciwo, a gwada magani a kansu ba tare da an taɓa kansa ba.

Kana tambaya me za mu ƙara. Mafi yawan binciken gado da aka yi a duniya a kan jikin Turawa aka yi shi, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado. Kuma duk lokacin da aka waiwayo mu sai a ga wani abu daban. Tun 1992 aka fara wani dogon bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka, Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka fara shi, Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba. Sakamakon 2001 ya nuna sababbin masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na Indiyanafolis ba. Sannan akwai wata ƙwayar gado mai suna APOE4 da aka gano alaƙarta da ciwon a 1993, ita ce babbar mai ƙara haɗarin Alzaima a Turawa, amma a mutanen Ibadan ƙarfinta ya yi ƙasa sosai. Duk wanda ya gano abin da ke rage mata ƙarfi a jikin ɗan Afirka ya buɗe ƙofar magani ga duniya baki ɗaya. Haka a 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar Fakinson mai sa rawar hannu, yana da yawa a 'yan Najeriya, a Turawa kuwa kusan babu shi, shi ya sa duk tsawon shekarun nan ba su gan shi ba.

To Ibadan da Legas ke nan. Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme na Sakkwato da Kabi da Zamfara, da irin abincinmu da auren zumuncinmu da zafinmu, su ma suna buƙatar a duba su, kuma wanda ya iya harshen tsohuwa ya san yadda ake gaishe ta shi zai iya auna tunaninta daidai, don gwajin da aka tsara wa ɗan boko a Landan idan ka yi wa tsohuwar da karatun allo ta yi sai ka ce tana da ciwo alhali lafiyarta lau. Maganar wuta gaskiya ce kuma tana ci mini rai ni ma, amma ka riƙe karatunka da kyau, ka koyi lissafin bayanan gado a kwamfuta don shi ba ya buƙatar firji, ka riƙa bibiyar horaswar da cibiyar Damaturu ke yi ka nema.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Gawon Nama:
Likita na gani a Facebook wai Amurka ta samo maganin ciwon mantuwa. Mahaifinmu shekara biyar ke nan, yanzu ko sunayenmu bai sani ba, sai an ba shi abinci a baki. Mun yi shawara da 'yan uwa mu sai da fili mu sayo maganin ko nawa na. Ina ake samun shi?

Amsa:
Alhaji Allah ya saka muku da alheri a kan wannan niyya, amma don girman Allah kar ku sayar da filin. Zan gaya maka dalili dalla-dalla.

Maganin akwai shi da gaske. Sunansa na kasuwa Leqembi, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023, a 2024 kuma ta amince da ɗan uwansa Kisunla. Tushensu wani tunani ne da John Hardy na Ingila ya yi fice da shi, bayan a 1991 shi da abokan aikinsa sun gano wani iyali da ciwon ke bi saboda sauyi a ƙwayar gadon da ke samar da amiloyid, sai suka ce ashe amiloyid ne farkon fitinar, idan aka kwashe shi ciwon zai tsaya. An yi shekara 30 ana gwadawa magani bayan magani yana faɗuwa, kuɗi masu yawan gaske suka tafi. Waɗannan biyun su ne suka fara nuna amfani a fili, sinadaran garkuwar jiki ne da aka ƙera, su manne wa amiloyid jiki ya kwashe shi, kuma a hoton ƙwaƙwalwa ana ganin ya ragu sosai.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. A gwajin Leqembi da aka yi da mutum kusan 1,800 na wata 18, waɗanda aka ba maganin sun ci gaba da lalacewa, illa dai saurin lalacewar ya ragu da kashi 27 cikin 100. Ba wanda ya warke, ba wanda tunaninsa ya dawo. Kuma duk masu matakin farko ne, waɗanda har yanzu suke hira da kai suna gane ka. Wanda ya kai matakin Baba ƙwayoyin sun riga sun mutu da yawa, kwashe amiloyid ba zai dawo da su ba, ko a Amurka ba za a ba shi ba. A gwajin ta jijiya aka riƙa sa shi kamar ƙarin ruwa duk mako biyu, kuɗin maganin kaɗai a 2023 dala 26,500 ne a shekara, ban da hoton ƙwaƙwalwa na MRI da dole a riƙa yi a kai a kai saboda wajen mutum 1 cikin 8 yana samun kumburi a ƙwaƙwalwa, wasu kuma ɗigon jini. Ingila ma da arzikinta hukumar da ke tantance magani don asibitocin gwamnati ta ce a 2025 amfaninsa bai kai kuɗinsa ba. Saboda haka duk wanda ya zo muku da kwalba ko ƙwaya a intanet ya ce shi ne wannan magani, ɗan damfara ne.

Ni a ganina nasarar tana da daraja duk da ƙanƙantarta, don ta nuna ana iya taɓa tushen ciwon, kuma yanzu hankali ya koma kan kama shi da wuri, har a 2025 Amurka ta amince da gwajin jini na farko da ke taimakawa wajen gano shi, ga masu neman maganin tawu kuma suna ta aiki. Amma wannan na gaba ne. Baba a yau akwai tsofaffin magunguna biyu da likita zai iya dubawa ko za su dace da shi, donefezil da memantin, suna ɗan taimaka wa alamomin na wani lokaci. Kuɗin da kuka yi niyya ku sa shi a katifa mai kyau, da mai taya jinya, da juya shi duk awa biyu in ya kwanta don gudun gyambon kwanciya, da abinci mai laushi ana ba shi yana zaune a miƙe don kar ya shaƙe.

Tambaya daga wani manomi, Goronyo:
Likita babana na, shekara 62, noman albasa da shinkafa muka yi tun tasowa. Hannunai na dama ya fara rawa in yana zaune, tahiya tai ta zama guntu-guntu, huska tai kamar ba ya murna da kowa, murya ta yi ƙasa. Wani ya ce shanyewar ɓarin jiki na ka zuwa. Wani kuma ya ce maganin feshi na. Mi ag gaskiya?

Amsa:
Malam sannu, Allah ya ba Baba lafiya. Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa. Abin da ya lallaɓo cikin watanni, ya fara da gefe ɗaya, hannu na rawa lokacin da yake hutawa, ga nauyin jiki ga gajeren taku, wannan ya fi kama da cutar Fakinson, wadda wani likitan Landan James Parkinson ya fara bayyanawa a 1817. Fuskar nan kuma kar ku ɗauka fushi yake da ku, naman fuskar ne ya yi tauri.

Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri baƙi mai ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin, shi ke sa motsi ya tafi sumul. A wannan ciwo ƙwayoyin ne ke mutuwa, kuma kafin hannu ya fara rawa wajen rabinsu ko fiye sun tafi. Nan ma furotin ne da ya naɗe ba daidai ba, nasa sunan alfa-sinuklin, a 1997 aka gano shi ne ke cike dunƙulen da ake gani a ƙwayoyin masu ciwon. Da yawa idan ka bincika za ka ji shekaru kafin rawar sun daina jin ƙanshi, ko suna fama da taurin bayan gida, ko suna naushi da ihu cikin barci.

Maganar feshi ba shaci-faɗi ba ce. A 1982 a Kalifoniya wasu matasa masu allurar ƙwaya suka wayi gari da alamomin Fakinson cikin 'yan kwanaki, aka bincika aka ga wani gurɓataccen sinadari ne a cikin ƙwayar ya kashe musu ƙwayoyin dofamin, kuma siffar wannan guba ta yi kama da ta farakwat, maganin ciyawan nan mai ƙona ganye da manoma suka sani. Bincike da dama sun nuna waɗanda suka daɗe suna mu'amala da shi da wasu magungunan ƙwari sun fi shiga haɗari. Ba a iya nuna mutum ɗaya a ce tabbas feshi ne ya jawo masa, shekaru da gado ma suna da nasu kason, amma ku da kuke fadama har yanzu ku ji tsoron Allah ku ji tausayin kanku, a daina dama magani da hannu, a daina busa bakin famfon feshi da baki in ya toshe, a rufe hanci a sa dogon hannu, a bi bayan iska, a yi wanka kafin a ci abinci, galan ɗin kuma kar ya koma na ruwan sha.

Albishir ɗin shi ne wannan ciwo yana da maganin da ke aiki sosai a kan alamomi. Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna muhimmancin dofamin tun ƙarshen shekarun 1950, a 1967 George Cotzias ya nuna yadda za a ba marasa lafiya lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa ya zama dofamin, a kyamis za ka fi jin sa da sunan Sinemet. Mutumin da ba ya iya sa maɓallin riga sai ka ga ya koma yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ba ya tsayar da mutuwar ƙwayoyin, kuma bayan shekaru sai an riƙa daidaita awon, shi ya sa likita ne zai fara shi, ba mai kyamis ba. A sha shi kamar rabin awa kafin abinci don nama da wake da nono suna rage shigarsa jiki, kar a yanke shi farat ɗaya, in azumi ya zo a koma wurin likita a tsara. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda, don wasu magungunan amai da na taɓin hankali suna kawo irin wannan rawar, da an daina sai ta lafa. Kuma kar ku zaunar da shi ku ce ya huta, tafiya kullum tana cikin magani.

Tambaya daga wata budurwa, Arkilla:
Likita wanda zan aura kakarsa da gwaggonsa duk sun yi ruɗin tsufa, shi ne Mama ta ce ana gado, tana so a fasa. Gaskiya ne?

Amsa:
'Yata ki gaishe da Mama, tsoronta na uwa ne, amma ki tambayo abu ɗaya, suna da shekara nawa ciwon ya fara musu? Nau'in da ake gado kai tsaye, wanda kowane ɗa ke da rabin yiwuwar ɗauka, bai kai kashi 1 cikin 100 na masu Alzaima ba, kuma alamarsa yana kama mutane da wuri, 'yan 40 ko 50, a jere kaka da uba da ɗa, kamar wani babban dangi a ƙasar Kolambiya da masu bincike suka daɗe suna bibiya. Idan sai da suka haura 70 ne, wannan irin wanda ake samu ne a kusan kowane gida da Allah ya ba tsawon rai, haɗarin ya ɗan ƙaru amma bai kai dalilin fasa aure ba. Gwajin jinin sikila ya fi wannan muhimmanci nesa ba kusa ba, shi ku tabbatar kun yi.

Kuma da yawan abin yana hannunku. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce in an magance su ana iya hanawa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, a ciki akwai hawan jini, suga, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula ba, buguwar kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici da ƙarancin karatu a yarinta. Ki duba ki gani, hawa kabu-kabu ba hular kwano, hayaƙin itace a rufaffen madafi, yanar ido da ake bari sai ta makantar, hawan jinin da ba a aunawa sai an faɗi, duk namu ne na yau da kullum.

Tambaya daga wani magidanci, Bodinga:
Tsohuwarmu ta ruɗe, tana sallah ba alwala, tana hita da dare. Mukan ɗaure mata ƙafa da zane in za mu kwana. Akwai laifi?

Amsa:
Malam na san gajiya da tsoro ne suka kai ku ga haka, amma ku kwance ta. Ɗauri yana ƙara mata firgici, yana kawo gyambo da faɗuwa. Ku sa sakata a can sama inda idonta ba ya kai wa, ku rataya 'yar ƙararrawa a ƙofa, a bar fitila a kunne a ɗakin da hanyar bayi, wani ya riƙa kwana kusa da ita. Da rana a fito da ita ta ga haske ta yi 'yar tafiya a tsakar gida, a rage mata barcin rana da shayin dare. A ɗinka lambar wayar ɗayanku a gefen zanenta ko hijabinta, a sanar da maƙwabta da mai unguwa. Idan ta tashi ta ce za ta gidan babanta kar a ce mata ai ya rasu, kowane lokaci sabon mutuwa ce a wurinta, a ce to Inna bari a sha fura tukuna, sai a ja hankalinta wani wuri. Batun sallah malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ku tuntuɓi limaminku ya ƙara muku haske, ku bar ta ta yi yadda ta iya ba tsawa. Jinyar kuma ku raba ta a tsakaninku maza da mata, kar a bar wa mace ɗaya har ita ma ta kwanta. Idan rashin barcin ya yi tsanani ku kai ta asibiti, kar ku sayo maganin barci da kanku don wasunsu suna ƙara ruɗewar.

Masu tambaya a kan farfaɗiya ku yi haƙuri, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.